Tambaya da Amsa: Tabon ruwa a plafon na banɗaki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Plafon (silin) na banɗakina na allon filasta ne, kuma tun daminar bara ya yi tabo mai launin ƙasa a kusurwa guda, fenti ya kumbura yana zubowa. Na sa mai fenti ya sake shafe wurin, amma tabon ya dawo. Ina mafita? Daga wani magidanci, unguwar Garin Malam, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Tabon da ya tsaya wuri guda, ya yi zobe mai launin ƙasa, kuma ya soma da damina, galibi yoyo ne daga sama, ba tururin wanka ba. Shi tururi watsuwa yake yi, ya bar ɗige-ɗigen baƙar funfuna a saman inda ake wanka, kuma a gari mai busasshiyar iska irin Damagaram ba ya cika yin ɓarna sai a banɗakin da ba shi da taga. Saboda haka aikinka na farko yana kan rufi: a duba ramukan ƙusa idan kwano ne, tsagewar siminti da toshewar indararo idan dal ne, wato rufin kankare, sannan bututun tankin ruwa idan akwai shi a sama. Muddin ba a toshe wannan ba, kuɗin fenti asara ne.

Bayan haka ka kashe wutar banɗakin, domin ruwa kan bi wayar fitila, ka danna wurin da yatsa. Idan allon ya yi laushi ko ya lotsa, filastar cikinsa ta lalace, kuma bushewa ba za ta mayar masa da ƙarfinsa ba. Sai a yanke wurin murabba'i har zuwa katako ko ƙarfen da ke riƙe da shi, a sa sabon yanki mai kauri ɗaya da tsohon, wanda yawanci milimita 12,5 ne, wato abin da masu aikin ke kira BA13. A nemi koren allon, domin shi aka yi wa wurare masu danshi, ko da yake shi ma ba ya jure yoyo.

Idan kuwa allon yana da tauri, a kankare duk fentin da ya saki, a wanke funfunar da ruwan jabel (bilic) da aka surka, taga a buɗe, ba tare da an gauraya shi da wani maganin wanki ba, saboda haɗin yana iya tayar da iska mai guba. A bar wurin ya bushe sarai, a cike da anduwi, wato kwaɓin cike ramuka kafin fenti, shafi biyu marasa kauri, a goge ya yi sumul.

Inda mai fentinka ya yi kuskure shi ne shafa fentin ruwa kai tsaye a kan tabo, alhali ruwan da ke cikin fentin yana narkar da tabon ya jawo shi fili. Dole a fara da shafin ƙasa na mai, wato fentin mai da ake fara shafawa don ya toshe tabon, a ba shi kwana guda, sannan a bi da shafi biyu na fenti mai ɗan sheƙi wanda ake iya wankewa.

Rufin a gyara shi kafin ruwan Yuli da Agusta. Fentin kuwa na fi son a yi shi a Oktoba ko Nuwamba, lokacin da gini ya bushe kuma ƙurar hunturu ba ta kankama ba.