Fili mai araha a bayan gari: in saya ko in ci gaba da haya?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne, ina haya a Tudun Wadan Zariya da iyalina. Wani dillali ya nuna mini fuloti a wajen Dakace, kan hanyar Jos, kuɗinsa bai kai rabin na cikin gari ba. In saya in gina?

Amsa: Malam, Allah ya hore. Amma kada ka ba da kafin alƙalami tukuna. Koma filin kai kaɗai, ka ajiye babur, ka taka da ƙafa na minti 10, wato kimanin mita 800. Me ka tarar? Akwai firamare, masallaci, kemis, mai kayan miya, da inda ake tarar mota? Duk abin da ƙafa ba ta kai ka ba, aljihunka ne zai riƙa kai ka kullum, kai da uwargida da yara. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin Keke Napep da acaba ya zama wata hayar ta biyu. Lissafa na wata guda, ka ajiye shi kusa da abin da kake ba mai gidan haya.

Turawa sun yi wa wannan tunani na samun buƙatun yau da kullum a tafiyar ƙafa suna, birnin minti 15, wanda wani farfesa, Carlos Moreno, ya yayata a Faransa. Mu dai a Zazzau ba baƙon abu ba ne. Mutumin Kwarbai ko Limancin Kona a tsohon birnin Zariya yana zuwa kasuwa da makarantar allo da Masallacin Juma'a na Ƙofar Fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, duk a ƙafa. Gidaje a manne, lunguna da inuwa, zaure a buɗe, dattawa a dakali suna ganin ɗan kowa. Daga baya ne garin ya tarwatse: Sabon Gari ya taso a gefen tashar jirgin ƙasa, Samaru ta bunƙasa da Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, kowane yanki nesa da ɗan'uwansa.

Ba cewa nake tsohon birnin ba shi da aibu ba. Wasu lungunan motar kashe gobara ba ta shiga.

Abin da ya fi damuna da sababbin unguwanni shi ne awon igiya. Mai gona ya yanka gonarsa ƙaf, ba hanyar kirki, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta ko maƙabarta, domin kowane taku kuɗi ne a wurinsa. Je ka ga wurin a watan Agusta, musamman da yake yankin bai yi nisa da kogin Galma ba. Ka nemi taswirar awon, ka bincika filin a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, izinin gini kuma a KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Takardar mai unguwa shaida ce, amma a Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 gwamna ne ke ba da takardar mallaka a birane.

A ganina, rabin fuloti kusa da wurin aikinka ya fi cikakke a daji. Ka fara da ɗaki biyu da banɗaki, ka zuba harsashin da zai ɗauki bene, ka bar gurbin shago a gaba. In kuwa Dakacen ta kwanta maka a rai, nemi maƙwabtan filin tun kafin a ɗora bulo, ku haɗu gaban mai unguwa ku rubuta faɗin hanya da inda ruwa zai bi, kowa ya sa hannu.