Alhaji, kada ka tara fanel a sito

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya turo tambaya, yace yana da jari kamar miliyan 8 kuma yaga kowa ya koma sola, shin ya saro fanel ya ajiye ko ya kafa sola a layinsu ya rinƙa saida wa masu shaguna wuta?

To Alhaji kasuwa kam akwai ta. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya fi ƙarfin talaka, a Afrilun 2024 kuma aka ƙara wa 'yan Band A, wato rukunin da aka ce za a rinƙa ba su wuta aƙalla awa 20 a rana, kuɗin wuta. Ba mu kaɗai bane ma, a 2024 Pakistan ta shigo da fanel na kusan gigawat 17, yawanci daga Chana.

Amma batun tara fanel ka manta dashi. Chana ta cika duniya da shi, farashi yayi ƙasa sosai, sai ka ajiye wata shida ka tarar sabon shigowa ya fi naka araha. Ga jabu, a manna takardar wat 550 a jikin na 300, don haka kar ka biya sai mai haɗa maka ya auna a rana.

In kuma wuta zaka saida, inda kuɗinka zai narke shine batir. Na ruwa yana da sauƙi amma zafin watan Afrilu na cinye shi, lithium ya fi daɗewa sai dai tsada, kuma dukkansu da dala ake sarowa kai kuma naira zaka rinƙa tsinta kullum kaɗan kaɗan, ranar da ya mutu farashin dalar ranar zaka biya. Ka rinƙa ware kuɗin canjinsa duk wata tun kafin ka lissafa riba.

Ni dai saida wuta nafi so maka, an ma yi irinsa a kasuwar Sabon Gari ta Kano ƙarƙashin REA, hukumar samar da wutar lantarki a karkara. Sai dai ka sa mitar da ake biya kafin a sha, in ba haka ba "gobe in sha Allah" zata kashe ka, mai shagon maƙwabci ne ba zaka iya yanke masa ba. Shi yasa M-KOPA, wani kamfani a Kenya mai saida kayan sola ana biya kaɗan kaɗan, na'urarsu ke kulle kanta in mutum bai tura kuɗi ta waya ba. Ka kuma ƙayyade wa kowane shago lodi, don akwai wanda zai jona firiza ko dutsen guga a ɓoye ya zuƙe batirin kafin magariba.

Fara da shaguna goma zuwa sha biyar, ka sa yaro ya rinƙa wanke fanel lokacin hunturu saboda ƙura na rage wuta, rufin da zaka ɗora a kai kuma a rubuta yarjejeniya da mai ginin gaban shugabannin kasuwa.