Shin daga fim aka kwaikwayo wayar salula?

Tambaya: Malam, ana ta yaɗawa a WhatsApp cewa wayar hannu daga fim aka ɗauko ta. Akwai ƙamshin gaskiya?

Amsa: Akwai, amma ba yawa. A shirin Star Trek da aka fara nunawa a Amurka a 1966, 'yan wasa na riƙe da wata 'yar na'ura mai murfi, su buɗe su yi magana daga nesa. Siffar suka hango, ba kayan cikin ba. Martin Cooper na kamfanin Motorola ne ya yi kiran farko da wayar hannu, ranar 3 ga Afrilu 1973, kuma sai bayan shekara goma aka amince a sayar da wayarsu DynaTAC 8000X. Nauyinta kusan giram 800, caji awa 10, magana minti 30, kuɗinta dala 3,995. Batir da turakun sabis ne suka ja lokacin, abubuwan da mai rubuta fim ba ya asarar barci a kansu. Mai murfin da ta yi kama da ta fim, StarTAC, sai 1996 ta fito.

Tambaya: Me ya sa kwanon DStv ba ya juyawa, alhali tauraron ɗan'adam da ke aiko masa da hoto yana tafiya?

Amsa: A nan marubucin almarar kimiyya ya ci tuta. A 1945 Arthur C. Clarke ya bayyana a mujallar Wireless World, da lissafi ba da tatsuniya ba, yadda tauraron da aka ajiye a nisan kusan kilomita 36,000 saman layin ikweta da ya raba duniya biyu zai riƙa zagayawa daidai da juyawarta, sai a gan shi kamar a tsaye. Tauraron Syncom 3 ya tabbatar da hakan a 1964.

Saboda haka in hoto ya ɗauke, tauraro bai gusa ba, kwanonka ne. Fara duba kusoshi, don iska na karkatar da shi. Sai bakin kebul inda ya shiga LNB, wato 'yar na'urar da ke gaban kwanon mai karɓar sigina, nan ruwa ke shiga ya yi tsatsa. Buɗe shafin ƙarfin sigina a dikoda, ka motsa kwanon kaɗan-kaɗan, kana dakatawa 'yan daƙiƙu bayan kowane motsi. In ana tafka ruwa kuwa, kada ka taɓa komai, zai dawo da kansa.

Nisan nan na kilomita 36,000 yana da illa ga intanet ɗin da ke bi ta irin wannan tauraro: saƙo ya je ya dawo yakan ci fiye da rabin daƙiƙa, shi ya sa kiran bidiyo ke jan ƙafa. Taurarin Starlink, masu ba da intanet, suna nisan 'yan ɗaruruwan kilomita ne kawai, amma ba sa tsayawa wuri ɗaya, don haka eriyar Starlink ke bin su ɗaya bayan ɗaya.