Tambayoyinku kan fantasin ƙwallon Amurka: wa za a ɗauka, me za a biya?

Da zarar watan Agusta ya raba, sai wasiƙun 'yan'uwanmu mazauna Amurka su koma kan abu ɗaya, wato gasar fantasi ta NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, da abokan aiki ke jawo su ciki, inda kowa ke jera 'yan wasan gaske ya ci maki gwargwadon abin da suka yi a fili. Yanzu har daga gida ana aiko da irinsu. Ga amsar waɗanda na tsamo.

Malam, abokan aikina sun sa sunana a gasarsu ta mutum 12, an ce ranar Asabar za a yi zaɓen 'yan wasa. Ni fantasin Firimiya kaɗai na sani. Ina tsoron in ji kunya a gaban mutane. (Wani ɗan'uwa, Houston)

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Wanda ya iya jera tawaga a fantasin Firimiya ya riga ya ci rabin tafiya. Babban bambancin shi ne can kowa na iya riƙe Haaland lokaci guda, muddin fam miliyan 100 ɗinsa ta isa. Nan kuwa tamkar watanda ce: kashin da wani ya ɗauka ya bar faifai ke nan. Ɗan wasa ɗaya, mai shi ɗaya. Ana ɗauka ne bi da bi, kuma a yawancin gasa layin juyawa yake, wanda ya zo ƙarshe a zagayen farko shi ke fara ɗauka a na biyu. Don haka kada ranka ya ɓaci idan ƙuri'a ta jefa ka na 12.

A tsarin da ESPN ke bayarwa idan ba a taɓa komai ba, mutum 16 za ka ɗauka, 9 su shiga fili, 7 su zauna benci. Taran nan su ne mai jifa ɗaya, wanda manhajar ke rubutawa QB, masu gudu da ƙwallo biyu, wato RB, masu cafka biyu, wato WR, sai TE ɗaya, wanda rabinsa mai cafka ne rabinsa mai tare hanya. Akwai gurbi guda da ake kira FLEX, inda kake da zaɓin saka RB ko WR ko TE. Sauran biyun su ne mai bugun ƙafa da kuma tsaron wata ƙungiya gaba ɗayansa.

Kafin Asabar, ka buɗe shafin dokokin gasarku ka duba abu biyu. Na farko, ko ana ba da maki kan kowace cafka. Wasu na ba da maki ɗaya, wasu rabi, wasu ba sa bayarwa sam, kuma wannan kaɗai na iya ɗaga darajar ɗan wasa ko ya kayar da ita. Na biyu, ko akwai gurbin da ake iya saka mai jifa na biyu. Daga nan ka cika zagayen farko-farko da RB da WR, ka bar mai bugun ƙafa da tsaro sai zagaye biyun ƙarshe. Ka kuma sa ido kan makon hutu: kowace ƙungiya wasa 17 take bugawa cikin mako 18, to kada masu gudunka duka su tafi hutu mako ɗaya. Idan ka kiyaye wannan, babu mai yi maka dariya.

Na shirya ɗaukar Mahomes, mai jifan Kansas City, da farko, sannan in ƙara masu jifa biyu don in hana sauran samu. Ya ka gani? (Daga Bronx)

Na ga wanda zai hana kansa. Ƙungiyoyi 32 ne a NFL, kowacce da mai jifanta, ku kuwa 12 ne, kowa ɗaya yake buƙata. Wa ka hana? A tsarin da aka saba, sai mai jifa ya yi yadi 25 yake samun maki ɗaya, mai gudu kuwa yadi 10 kawai, kuma masu gudun kirki ƙarewa suke da wuri domin ana neman aƙalla 24. Makin wanda ke benci ba ya shiga lissafinka ko da ya yi abin al'ajabi. Idan gasarku mai gurbin mai jifa biyu ce, to wannan wata magana ce, a nan sukan yi tsada. In ba haka ba, ka ajiye wannan dabara.

Wani a Telegram yana sayar da "sirrin mako" dala 30 a wata, ya ce mutanensa ba sa faɗuwa. Kuma na ga tallar DraftKings da FanDuel, inda ake saka dala 5 a ci dubbai. Wanne ya fi? (Ɗalibi, Columbus)

Ƙanena, zauna, domin wannan ce wasiƙar da ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Mu fara da mai sirri. Wane sirri? Dokar NFL ta tilasta wa kowace ƙungiya ta fitar da rahoton masu rauni a cikin mako, a rubuta wanda ake shakka, wanda da wuya ya buga, da wanda ba zai buga ba. Minti 90 kafin a take wasa kuma a fitar da sunayen waɗanda aka ajiye. Duk wannan kyauta ne, manhajar da kake amfani da ita ma za ta turo maka shi har cikin aljihu. Jerin darajar 'yan wasa na mako kuwa yana nan a ESPN da Yahoo da shafin NFL ba tare da ka biya sisi ba. Abin da mutumin nan zai sayar maka shi ne abin da ya kwaso daga can, ya canza masa riga.

Kuma da akwai mai sanin gaibu a harkar nan, da an gan shi a 2024. A shekarar, kusan kowace gasa Christian McCaffrey na San Francisco aka fara ɗauka, masana na kuɗi da na kyauta duk bakinsu ɗaya. Ana gab da wasan farko aka ce ba zai buga ba saboda ciwon agara, kuma wasa huɗu kacal ya buga a kakar. Wanda ya ci riba shi ne wanda ya ajiye mataimakinsa Jordan Mason a benci, domin a daren nan Mason ya haura yadi 140. Haka a 2023, Puka Nacua, wanda ƙungiyar Rams ta ɗauka a zagaye na biyar na zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL ɗin kanta, a gasa da yawa babu wanda ya kula shi ranar zaɓe. Ya ƙare kakar da cafka 105 da yadi 1,486, tarihin da wani sabon shiga bai taɓa kafawa ba kafin shi. Waɗanda suka same shi ba su biya kowa ba. Sun dai buɗe jerin 'yan wasan da ba su da mai su ranar Talata, sun nema, Laraba da safe suka wayi gari da shi.

To sai na biyun, wanda ya fi damuna. Gasar abokan aiki wata huɗu ake yi, ana raha, ana tsokanar juna. Waɗancan kamfanoni kuwa gasar yini ɗaya ko mako ɗaya suke shiryawa: ka zuba kuɗi, ka jera tawaga, dare ya yi an raba. Kamfani na cire kasonsa tun kafin a raba komai, don haka abin da ake mayar wa jama'a kullum bai kai abin da suka zuba ba. A manyan gasannin kuma mutum ɗaya na iya shigar da tawaga har 150, ya jera su da kwamfuta, kai kuma kana zaune da guda ɗaya da ka haɗa tsakanin lacca da lacca. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni a 2018, waɗannan kamfanonin biyu ne a sahun gaba wajen karɓar ta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda hanyar ta nufa. Mun ga yadda shagunan caca suka yi da samari a gida, an fara da naira ɗari, an ƙare da sayar da waya. Don an rubuta shi da dala bai canza suna ba.

Kai ɗalibi ne. Dala 30 a wata huɗu dala 120 ke nan, ban da dala biyar-biyar ɗin da ba za ka ƙirga ba. Ka juya ta zuwa naira ka faɗa mini buhu nawa ne a gidanku. Wani ya yi gumi kafin kuɗin makarantarka ya fito, ko kai ɗin ne kake tsayuwar dare a wurin aiki. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Amsata ita ce babu ko ɗaya.

Har gasar abokai ma, idan aka ce kowa ya kawo dala 50 wanda ya ci ya kwashe, ka san abin da malamai za su ce maka tun kafin ka tambaye su. Ka ce musu za ka buga ba tare da kuɗi ba, ko ka ba da shawarar a sayi ƙaramin kofi. Abin da bai kamata ya tsorata ka ba shi ne "dala 100" ko "dala 200" da za ka gani a cikin manhajar don neman 'yan wasa ko gwanjonsu. Wannan lamba ce kawai, ba ta taɓa asusunka.

Abokina ya bar ɗan wasan da ya warke a gurbin masu rauni don ya riƙe mutum 17. Ni ne shugaban gasar, ba na son mu ɓata. (Daga Kaduna)

Na fahimci damuwarka, shugabancin abokai ya fi na baƙi wuya. Gurbin masu rauni, wato IR, an yi shi ne don wanda ba zai iya bugawa ba. A NFL ɗin kanta, wanda aka sa a wannan jeri sai ya rasa aƙalla wasa huɗu. Manhajoji da yawa na hana mutum ɗaukar sabon ɗan wasa har sai ya fitar da wanda ya warke, to duba ko taku na yin haka. Idan ba ta yi, kira shi gefe, ba a zauren WhatsApp ba, ka ba shi zuwa Laraba ya gyara. Sai dai kada ka ƙirƙiro hukunci a tsakiyar kaka. Abin da ba a rubuta kafin zaɓe ba, a bar shi sai baɗi, a kaɗa ƙuri'a.

Tunda kuna gida, ƙarin gargaɗi: ɗan wasa na kullewa ne da zarar wasansa ya fara, ba ka iya saka shi ko cire shi. Wasan daren Alhamis wajen ƙarfe 1:15 na dare, wayewar Juma'a, yake kamawa a agogonmu, na Lahadi kuma 6 na yamma, sannan daga farkon Nuwamba, idan Amurka ta mayar da agogonta baya, ka ƙara awa ɗaya. Wasannin Landan tun da rana ake fara su. Kada kuma ka saka mai buga Alhamis a gurbin FLEX, ka bar gurbin ga na Lahadi ko Litinin, don in wani ya ji ciwo kana da wurin juyawa.

Ina so tawagata ta zama ta 'yan asalin Najeriya zalla. (Daga Atlanta)

Allah ya ba da lada, amma ba zai ba da maki ba. Da yawansu masu tsaro ne ko masu tare hanya, waɗanda ba a ɗaukarsu ɗaiɗai a gasar da aka saba. Idan David Njoku, wanda Cleveland ta ɗauka a 2017, ya faɗo maka a zagayen da ya dace da darajarsa, ɗauke shi. Kada ka tsallake wanda ya fi shi don suna.

Maigida ya ce dole sai ya sayi Sunday Ticket, wato damar kallon wasannin Lahadi, a YouTube in ba haka ba zai faɗi gasar. Gaskiya ne? (Wata baiwar Allah, Minneapolis)

Ba gaskiya ba ne, Hajiya. Ɗaruruwan daloli ne, kuma kallon wasa ba ya ƙara wa kowa maki. Sakamako na shigowa wayarsa kai tsaye kyauta. Idan kallon yake so, ya fito fili ya ce kallon yake so, sai ku zauna ku duba ko kuɗin haya da na cefane sun bar rara.