Yawan makarantun DO a Amurka: likitoci za su rasa aiki ne?

Ka tambaya ko yawan buɗe makarantun likitancin DO (digirin likita na osteopathy, takwaran digirin MD da aka saba da shi) a Amurka zai sa likitoci su rasa aiki. A ganina, aiki bai ƙare ba: ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, ta yi hasashen ƙarancin likitoci har 86,000 nan da 2036. Inda gizo ke saƙar shi ne gurbin horon ƙwarewa bayan digiri. Tun 1997 doka ta taƙaita guraben da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, ke biya, kuma tun 2020 'yan MD da DO layi ɗaya suke bi wajen neman waɗannan guraben. Abin da ya fi damuna, wasu sababbin makarantun ba su da asibitin koyarwa nasu, sai su rarraba ɗalibai a ƙananan asibitoci. Kafin ka ci bashin karatu, bincika ɗalibansu nawa ke samun gurbi.