Malamina ya rubuta "fabricated" a kan aikina, me yake nufi?

Assalamu alaikum Anti,

Ina ajin ƙarshe a jami'a, ina rubuta furojet a kan mata masu sana'a a cikin gida. Na raba takardun tambayoyi 150, amma 62 kawai suka dawo hannuna. Lokaci ya ƙure, ga Mama kwance a asibiti, sai na yi dare biyu ina cike sauran da kaina, ina canza biro. Da malamin da ke duba aikin ya dawo mini da babi na huɗu, sai na ga ya rubuta da jan biro: "You fabricated this data. See me."

Yayana mai walda ne, a allon shagonsa an rubuta "Welding and Fabrication", don haka ban taɓa ɗaukar kalmar a matsayin mummuna ba. Ƙawata ta ce in je in kafe a kan cewa ma'anarta haɗa abu ne, tunda haka take a ƙamus. Yau kwana biyar ban je ba, barci ya gagare ni, Baba kuma sai gaya wa mutane yake bana zan gama. Anti, zan iya fakewa da wannan ma'anar?

Ɗiyarki daga Katsina

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba Mama lafiya.

Ba za ki iya ba, kuma ina roƙonki kada ki gwada. Ƙawarki ta buɗe ƙamus ta karanta layin farko ta rufe.

Gaskiya ne "fabricate" na da fuska biyu. Asalinta daga Latin ne, inda "faber" ke nufin mai sana'ar hannu kamar maƙeri, "fabrica" kuma wurin aikinsa. Daga nan allon yayanki ya samo ta: a yanka ƙarfe, a lanƙwasa, a haɗa ƙofa ko tankin ruwa. Har hukumar jarrabawar sana'o'i ta ƙasa, NABTEB, tana shirya jarrabawa a wannan sana'a. To amma abin da ya biyo bayan kalmar shi ke yanke hukunci. In ƙarfe ne, ƙira ce. In labari ne, ko shaida, ko takarda, ko alƙaluman bincike, babu wata ma'ana sai ƙirƙirar abin da bai faru ba da nufin a yarda da shi. Mu ma muna da irin wannan. Wanda ya ƙago inji yabonsa ake yi, amma wanda ya yi wa mutum ƙage, kowa ya san abin da ya aikata.

A duniyar bincike kuwa kalmar suna ce ta laifi. Dokar da gwamnatin Amurka ta fitar a 2000 ta lissafa manyan laifukan bincike uku: ƙirƙirar sakamako, murɗe shi, da satar aikin wani. Naki shi ne na farko. A 2011 jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan ta dakatar da Farfesa Diederik Stapel saboda yana zama ya ƙirƙiri alƙaluma, ya ce daga mutane ya tattaro su. Ƙananan masu bincike uku ne suka tona shi, daga baya aka janye maƙalunsa fiye da 50. Ban kawo shi don in tsorata ki ba, sai don ki san malaminki bai zaɓi kalmar da wasa ba. Canza biro ba ya canza hannu, kuma amsoshin da mutum ɗaya ya cike sukan yi kama da juna fiye da na mutane daban-daban.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne "See me". Ya kira ki ne kafin maganar ta wuce teburinsa, kuma duk ranar da kika ƙara ba ki je ba, sai ya ƙara zaton taurin kai ne. Gobe da safe ki ware takardun nan 62 na gaskiya, ki sa sauran a wata jaka daban, ki kai masa duka. Ki fara da "Malam, na yi kuskure", sannan ki faɗi lalurar Mama, amma kada ki mai da ita garkuwa. Ki roƙe shi ɗaya cikin biyu: ko ki sake lissafi da 62 ɗin, ki bayyana a cikin aikin cewa su kaɗai suka dawo, ko ya ƙara miki lokaci ki koma. In kin koma, kada ki bar takarda ki tafi. Ki zauna da kowace mace a tsakar gidanta, ki karanta mata tambayoyin da Hausa, ki rubuta abin da ta faɗa.

Ba zan yi miki alkawarin za ki fita ba tabo ba. Mai yiwuwa ki ƙara zango, mai yiwuwa ya kai maganar gaban kwamiti. Shi ya sa nake so Baba ya ji daga bakinki a daren yau, ki tafi da yayanki ya zauna kusa da ke lokacin da za ki faɗa masa.

Antinku