Shawarar Lauya: An ritsa yarana da dala a Kainji, an tafi da injina

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Ni fataken kifi ne, ina da jirage biyu masu inji a tafkin Kainji, yara shida ke yi mini aiki, abin da Allah ya kawo mu raba. Makon jiya da asubar fari jami'an kula da kamun kifi tare da mutanen Sarkin Ruwa suka ritsa yarana suna jan dala, wato babban taru mai ƙananan ido. Sun tafi da tarun, da injin jirgi ɗaya, da kifi kwando uku. Ɗaya daga cikin yaran yau kwanansa huɗu a hannun 'yan sanda. Abin da ya fi hana ni barci, wai an ga matattun kifaye a kusa da wurin, ana ta cewa yarana ne suka zuba gamalin, maganin ƙwarin nan mai guba. Wallahi ban san da wannan ba. Yanzu wani ya same ni ya ce in kawo kuɗi a kashe maganar a ba ni injina. In biya? Kuma ni da ba na wurin, ana iya kama ni?

Wani Alhaji daga bakin tafki

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri.

Bari in fara da mai ɗacin. A kan dala ba ka da ƙafar tsayawa. Dokar kamun kifi a koguna da tafkuna ta 1992, wadda aka yi zamanin soja a matsayin doka ta 108, ta hana a sashe na 5 a yi su da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci uku. Sassauci biyu kawai ta yi, duka don masu kama warangi, ƙananan kifayen nan: atalla, wato ragar da ake nutsarwa a ɗago, da ragar da jirgi ke ja a tsakiyar ruwa da injin da bai wuce ƙarfin doki 25 ba. Dala ba ta cikin biyun nan. Kai ma ka fi ni sanin yadda take: a zagaye ruwa da ita, a ja zuwa gaɓa, ta kwaso warangi ta haɗa da 'ya'yan giwan ruwa da na karfasa da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Shi ya sa tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a Kainji, jihohin Neja da Kebbi suka haramta ta a tafkin. Cewa kowa na yi ba hujja ba ce a gaban alƙali.

Hukuncin da dokar 1992 ta yanka wa mai ƙaramar raga tarar naira 500 ce, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Na san za ka yi murmushi, don naira 500 ko litar fetur ba ta saya yau. To kada ta ruɗe ka. Watanni shidan suna nan daram, kuma kotun da ta samu mutum da laifi tana iya ba da umarnin ƙwace kayan aikin a bai wa gwamnati. Ainihin hukuncin ke nan ga mai jirgi.

Sannan akwai abin da nake so ka tambaya tun yau: a ƙarƙashin wace doka ake tuhumar yaran, kuma wane sashe? Kundin tsarin mulki na 1999 ya bar kifin teku a hannun tarayya, na koguna da tafkuna kuwa jihohi ke da ikon yi masa doka. Kainji ya ratsa jiha biyu, kowacce da tata dokar da nata jami'an. Don haka gaɓar da aka kama su tana da muhimmanci. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce ba a hukunta mutum sai a kan laifin da ke rubuce a doka tare da hukuncinsa.

Yanzu ga inda doka take bayanka. Kama kaya daban, ƙwace kaya daban. Jami'in da doka ta ba iko yana iya riƙe taru da inji a matsayin shaida yayin bincike, sashe na 44 na tsarin mulki ma ya yarda da haka. Amma injin nan naka ne har ranar da alƙali ya ce ya tashi daga naka. Jami'i ba shi da hurumin sayar da shi, ko ba wani aro, ko ajiye shi wata da watanni ba tare da an kai magana kotu ba. Haka Sarkin Ruwa. Ina ganin girman sarautar nan ƙwarai, don sau tari maganarsa ta fi takardar gwamnati tasiri a bakin ruwa, kuma ban ba ka shawarar ka tsallake shi ba. Ka je ka gaishe shi, ka nemi ya sa baki. Sai dai a idon doka shi mai sulhu ne da taimaka wa hukuma, ba kotu ba ne.

Yaron da ke tsare shi ne na gaggawa. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya, in babu, kwana biyu. Kwana huɗu ya wuce ƙa'ida, sai fa in alƙali ne ya ba da izinin ci gaba da tsare shi. Wannan laifi ne da ake bayar da beli a kansa, kuma beli kyauta ne. Ka tafi da mutumin kirki mai adireshi sananne ya tsaya masa.

Maganar gamalin ita ce ta fi damuna, don nauyinta ba ɗaya ba ne da na raga. Sashe na 6 na dokar 1992 ya haramta kama kifi da guba, da nakiya, da wutar lantarki, hukuncinsa tarar naira 3,000 ko ɗaurin shekara biyu, ko duka. Ba a ware ta gargajiya ba. Majimfa, tsiron nan da ake kashe kifi da shi, ma guba ce a wurin doka. Idan kuma aka ce kifin ya shiga kasuwa wani ya ci ya kwanta, to an koma kundin manyan laifuka na jiha. Amma zargi ba hujja ba ne, kuma nauyin tabbatarwa yana wuyan mai gabatar da ƙara. An samu kwalbar a jirgi? Wa ya ga an zuba? An ɗebi ruwan ko kifin an kai awo? Kifi yana mutuwa da dalilai da yawa: maganin feshi da ruwa ya wanko daga gonakin fadama, ko ƙarancin iska a ruwan da ya kwanta. Dala kanta, in aka zazzage ta a gaɓa aka tsince manya, tarin ƙananan da ake watsarwa haka suke yawo a kan ruwa ciki a sama. Wanda ya iso da hantsi zai rantse guba ce.

Duk da haka, ka keɓe da yaranka ɗaya bayan ɗaya ka tambaye su tsakani da Allah. Gara ka ji gaskiya a zaurenka da ka ji ta a kotu. Ka kuma ja musu kunne kada wanda ya dangwala yatsa a takardar Turanci da ba a karanta masa da Hausa ba. Haƙƙinsu ne a yi musu tafinta, kuma su yi shiru har lauya ya zo.

Kai kuma fa? Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a madadin wani, don haka ba a tsare ka kawai saboda yaranka ne. Amma wa ya sayi dalar? In kai ne ka saya ka ba su, ka san abin da za a yi da ita, to doka tana kallonka a matsayin wanda ya taimaka aka yi laifi. Ka kuma duba lasisin jiragenka, don jirgin kamun kifi mai inji sai da lasisin jiha, kuma shi ne abu na farko da za a nema in ka bayyana.

Kuɗin kashe magana kuwa, kada ka bayar. Mai ba da cin hanci mai laifi ne daidai da mai karɓa, sannan ba ka da wata takarda da za ta hana a sake tayar da maganar gobe. Idan sun ce tara ce, su nuna maka sashen dokar jihar da ya ba su ikon yankarta, ka biya a asusun gwamnati, a ba ka rasit.

Da ni ne lauyanka, zan fara da takarda zuwa ga daraktan kula da kifi na jihar, in nemi jerin abin da aka kama a rubuce, har da yadda aka yi da kwandunan kifin nan uku, in kuma roƙi a sakar maka injin bisa alkawarin kawo shi duk ranar da aka nema. Sau da yawa a nan ake gamawa. In an shigar da ƙara gaban majistare, wannan roƙon can za a kai shi, kuma in hujjar raga a fili take, sai a duba ko yaran su amsa wannan tuhumar kaɗai, su musanta ta guba, lauya ya nemi sassauci ya nuna cewa injin ne abincin gidaje bakwai. In kuma aka ƙi kai magana kotu aka ƙi sakin kaya, sashe na 46 na tsarin mulki ya buɗe maka ƙofar Babbar Kotu don neman haƙƙinka. Kada ka yi jinkiri: ƙarar neman diyya ta yau da kullum a kan jami'in gwamnati wata uku doka ta ba ta. Yaran da ba su da halin ɗaukar lauya suna iya zuwa Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, tana da ofis a Minna da Birnin Kebbi.

Kafin ka zo wurin lauya, ka nemo rasit ɗin sayen injin mai ɗauke da lambarsa, da lasisi, da sunayen waɗanda suka shaida kamun. Jirgi na biyun nan kuma kada ya sake shiga ruwa sai ka auna ragoginsa da kanka. Ka bar awon yatsa da aka saba, yatsun mutane ba ɗaya ba ne. Ka samo tef na tela, ka miƙar da idon ragar, ka auna daga ƙulli zuwa ƙulli.